Mai Lasar Mota a Gangaren Falez

Ku yaran yanzu kun ɗauka gwada mota wasa ne. A kira mutum ya duba tsohuwar mota kafin a saya, sai ya zo da ɗan akwatinsa mai waya, ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura wa gilashi ido, ya ɗago ya ce lafiya lau. Ko gwiwar wandonsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ni kuwa na san sunan da kuka sa mini a bayan idona, wai Baba Iro mai lasar mota. Na ji, kuma ban musa ba, ina lasa. Ku zauna in gaya muku dalili, in na gama wanda ya ga dama ya ci gaba da dariyarsa.

Ni ba dillali ba ne, ba kuma bakanike ba. Mai saye ne yake kirana, in duba masa mota, in ce saya ko bari. Kayan aikina ba su cika aljihu biyu ba: 'yar guduma, tocila, farin tsumma, sai buhun da nake shimfiɗawa in kwanta a kai. Sauran kayan Allah ne ya ba ni, kunne da hanci da harshe.

Na koyi aikin a hannun Bobbo Hamadu, wani gajeren Bafillace mai ƙarancin magana, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a wurinsa kafin ya bar ni na taɓa inji. Kullum ina ƙarƙashin mota ina ƙwanƙwasa shasi, wato ƙarfen da duk jikin mota yake zaune a kai, shi kuma yana tsaye yana shan shayi yana tambayata me na ji. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara siririya. Ruɓaɓɓe kuwa kamar ka bugi kabewa. Da kunnena ya buɗe sai ya nuna mini cewa kunnen ma ana yaudararsa. A ƙasarmu, a-kori-kura da yawa ta 'yan kasuwar shanu ce, kuma abin da suke kai wa rugage shi ne kanwa da gishiri. In damina ta sauka, ruwa ya narka su, su bi ta ƙasan bodi su shige cikin shasi, su yi ta cin ƙarfen daga ciki ba wanda ya sani. Ranar da za a sayar, sai a shafe waje da kwalta da baƙin mai, ido ya ga sabo, guduma ta rikice. Amma ba mai iya shafe ciki. Bobbo ya kama yatsana ya cusa a ɗaya daga cikin ramukan shasi, ya ce in lasa. Na lasa na tofar. Ya ce, "Ka ji gishiri? To, wannan motar ta mutu, ba a dai yi mata wanka ba."

Doka ɗaya ya kafa mini, kuma har yau ban karya ta ba. Duk motar da ka ce a saya, tafiyarta ta farko da kai za a yi. Ya ce mutumin da ya san da shi za a je, idonsa ya fi buɗewa.

Shekarar da ta fi mana muni ita ce wadda masu satar mutane suka addabi dazukan wajen Tuboro. Turawan da ke zuwa farauta suka rufe sansanoninsu, makiyaya suka yi ta ƙaura, motoci suka cika Garwa kamar an zazzage su daga buhu. Za ku ce ai lokacin cin kasuwata ke nan. Ina! Mai sayarwa yana sauri, mai saye yana sauri, ba wanda yake son tsoho da guduma ya zo ya ɓata ciniki. Dillalai in sun hango ni sai su kau da kai. Sai in wuni a gindin darbejiya ba wanda ya ce mini ci kanka.

A cikin wannan hali Alhaji Garba ya aiko a kira ni. Babban ɗan kasuwar shanu ne, mutum mai jiki da murya, wanda mahautan garin nan suke miƙewa in ya shigo. Na tarar da wani abu a ƙofar gidansa yara sun kewaye shi. Ɗaki ne guda a kan tayoyi, fari, dogo, da tagogi da labule, ciki har da gado da wurin girki. Turawan suna ce masa karaban. Ya saye shi a wani sansanin farauta da aka rufe, don ya riƙa kwana a ciki in ya je kasuwannin shanu na ƙauye. Abin da ya rage shi ne a-kori-kura mai shan gazuwal, wato man dizal, da za ta ja shi.

"Malam Iro, abin ya zama na gaggawa," in ji shi. "Tsohuwar Hajiya mai ɗakina ta faɗi a Tinyer, ƙugunta ya karye. Ba ta iya zama. A kan gadon nan za mu kawo ta asibiti."

Na ce, "Alhaji, waɗanda suka ƙera abin nan ba sa tafiya da mutum a ciki. Sai sun isa sun tsaya suke shiga."

"To, a ina zan sa ta? A gaban mota, kusa da ni?"

Na san abin da yake nufi. Tsohuwar nan, Dada, surukarsa ce. Tun da ya auri 'yarta, Hajiya Rabi, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa kallon fuskarta sosai ba, ita kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. In zai gaishe ta, daga bayan zana yake durƙusawa. A ce su zauna cikin mota ɗaya, numfashinsu yana haɗuwa tun daga Tinyer har Garwa, wannan ko a mafarki. Tun daga nan na san cewa ran tsohuwar nan zai rataya ne a jikin ƙarfen da ni zan ce a saya.

Mota ta farko da aka kawo shuɗiya ce, tana sheƙi, ta wani abokin kasuwancinsa. Na ɗora hannu a kan inji na ji da sanyi, wato ba a ɗumama shi kafin in zo don a ɓoye wani ciwo ba. Aka murɗa makulli ta tashi nan take. Hayaƙi ya ɗan fito ya washe. Na sa farin tsumma a bakin salansa, ba mai. Injin nan kam ba abin da za a ce masa. Alhaji yana ta murmushi. Sai na shimfiɗa buhuna na shige ƙasa. Shasi baƙi wul, sumul. Na cusa yatsa a ramin da ke bayan tayar baya, daidai inda za a ɗaura ƙugiyar ja, na lasa. Gishiri, har da ɗacin kanwa.

"Alhaji, a bar wannan."

"Haba Malam! Ka ji inji kuwa?"

"Na ji. Ta ɗauki kanwa."

"Wace mota ce a Garwa ba ta ɗauki kanwa ba?"

"Wace mota ce a Garwa za ta sauko gangaren Falez da ɗaki a bayanta da tsohuwa a kwance ciki?"

Abokinsa ya fusata, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ana ɗanɗana mota kamar miya ba. Mutane suka yi ta dariya. Alhaji ya ji nauyin abokinsa ƙwarai, amma ya bar ta.

Wadda na zaɓa fara ce mummuna, daga Yaguwa aka kawo ta, shinkafa ta sha ɗauka. Ƙofarta ɗaya sai an ɗaga take rufuwa, kujeru duk sun yage. Amma shasinta yana amsa guduma tun daga kai har wutsiya, kuma cikinsa ƙura ce zalla ba ɗanɗano. Na sa aka sauya mata birki gaba da baya. Mai walda ya so ya liƙa ƙugiyar a jikin bamba, wai haka kowa yake yi. Na ce a'a. Aka yanko farantin ƙarfe mai kauri, aka huda shasi aka ɗaure da manyan kusoshi masu noti, aka ƙara sarƙa. Alhaji ya ce, "Tunda da kai za a je, ai sai ka riƙe sitiyarin gaba ɗaya." Na riƙe.

Tafiyar hawa lafiya lau. A Tinyer ne aiki ya fara. Kun san halin mutanenmu, ba a sallamar baƙo hannu wofi, balle tsohuwa mai barin gari ba a san ranar dawowarta ba. Wannan ya kawo buhun masara, wancan ya kawo gyaɗa, wata ta kawo tukwanen Dada duka, wai ba za ta ci tuwon wata tukunya ba. Ba a cewa a mayar. Ni na loda su da hannuna. Ɗakin da ake ja yana da ka'idarsa: nauyi a gaba da kan tayoyi, wutsiya a bar ta sakayau. In wutsiya ta fi nauyi, sai ta ɗage hancin, hancin ya ɗage bayan motar, daga nan ɗakin ne yake tuƙa ka. Na jera komai, na ɗaure da igiya, na gwada ɗaga hancin da hannu na ji ya ƙi, sannan na maƙala.

Aka ɗauko Dada a kan tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa fara, tana cije leɓe. Alhaji ya juya baya har aka shigar da ita. Hajiya Rabi ta bi ta, aka saki labule, aka ja ƙofa. Daga wannan lokacin abin ya daina zama karaban, ya koma ɗakin mata. Ni da Alhaji ba mai hurumin leƙawa.

A Ngaundare muka tsaya shan gazuwal da sallar azahar. Ni da Alhaji muka tafi masallaci, muka ci abinci. Abin da ya faru a bayanmu sai daga baya na sani. 'Yan uwan Hajiya na garin sun sami labari, suka zo gaida Dada. Suka ga wuri ya yi musu kaɗan, ba inda za a zauna balle a yi salla, sai suka kwance igiyata suka ja buhunan zuwa can ƙarshen ɗakin, suka gyara wuri tsaf. Su ma ba su zo hannu wofi ba. Doya suka kawo da jarkokin zuma, irin baƙar zumar nan ta Adamawa, suka jibga a kan buhunan. Da muka dawo ƙofa a rufe take, labule a sake. Na zagaya na duba tayoyi, na taɓa ƙugiya da sarƙa, komai daidai. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma muna tafiya a hankali, ban ji komai ba.

Wanda bai taɓa sauka Falez ba, gangare ne da hanya take ta nannaɗewa a jikin dutse tana sauka daga tudun Adamawa. Hannu ɗaya dutse, ɗaya hannun rami, kuma in ka leƙa ramin za ka ga gawarwakin manyan motoci sun yi tsatsa a ƙasa. Direbobi suna yin shiru in sun zo wurin. Na sa ƙaramar giya tun daga sama, na yi bisimilla.

A kwana ta farko na ji sitiyari ya yi mini sauƙi a hannu, irin sauƙin da ba na so. Na dubi madubi. Farin ɗakin ya leƙo ta dama, ya koma. Ya leƙo ta hagu, ya koma. Na ce a raina iska ce. Sai ya sake leƙowa, wannan karon har na ga tagarsa da labulen yana kaɗawa. Bayan motar ya fara bin sa, dama, hagu, dama, hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Na san abin da ke faruwa, wutsiya ta yi nauyi, ban dai san yadda aka yi ba.

"Malam, mene ne haka?" in ji Alhaji.

"Riƙe da kyau."

"Taka birki mana! Taka!"

"In na taka, mun tafi."

Gaskiya na gaya masa. In ka danne birki a wannan hali, motar ta tsaya, ɗakin ba zai tsaya ba. Zai zagayo ya naɗe ka, ku gangara tare. Ba ka kuma bin sa da sitiyari, don kowane gyara da ka yi ƙara masa ƙarfi kake. Abin yi kawai shi ne ka riƙe hannunka cak, ka ɗage ƙafa, ka bar inji ya ja da baya, ka riƙa shafar birki kamar mai taɓa ƙurji. Faɗa da baki yana da sauƙi. Ni da nake yi, ƙafata birkin take ta nema, da ƙyar nake hana ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro ƙarar ce. Daga baya nake jin ƙarfe yana kuka, ƙiiƙ in ɗakin ya tafi dama, ƙiiƙ in ya dawo. Duk nauyin ɗakin nan, da buhunan, da mata biyu, yana fizgar tafin hannu guda na shasi, daidai wurin da na cusa yatsana a Garwa. Na fara tambayar kaina ko na lasa da kyau. Ko rami ɗaya na gwada na bar na kusa da shi. Ko harshen tsoho ya dushe ban sani ba. In wurin ya yage, sarƙar ma a jikinsa take, ɗakin zai wuce mu shi kaɗai ya nufi rami da Dada a kan gadonta. Alhaji ya daina ba da umarni, salati kawai yake yi da ƙarfi.

Muka sha wata kwana sai ga tirelar shanu a gabanmu tana rarrafe. Ba halin wucewa, ba halin tsayawa. Na hango gefen dutse akwai ɗan kwari mai tsakuwa inda ruwa yake bi. Na jira har ɗakin ya karkato ta wannan gefen, sai na bi shi a hankali na sa tayoyinmu cikin tsakuwar. Motar ta yi ta tsalle. Jikin ɗakin ya gogi dutse da wata ƙara kamar ana yaga kwano, gilashin taga ya tarwatse. Tsakuwa ta riƙe mu, na ƙara birki, na ƙara, har muka tsaya hancinmu dab da bayan tirelar, wata saniya tana kallonmu ta tsakanin katako.

Na kashe inji. Shiru. Daga ɗakin ba kuka, ba salati, ba motsi.

Muka fito da ƙyar. Alhaji ya ruga har bakin ƙofa, ya kai hannu, sai ya tsaya. Duk da abin da ya faru, hannun nan ya ƙi murɗa ƙofar. Ya durƙusa a kan tsakuwa ya ce, "Salamu alaikum." Ba amsa. Ya sake. Ba amsa. Ya kira, "Hajiya! Hajiya!" Shiru.

A lokacin na ga abin. Ta ƙarƙashin ƙofar wani ruwa ne yake fitowa, mai kauri, baƙi-baƙi ja-ja, yana bin matakala yana ɗiga a ƙasa. Alhaji ma ya gani. Ya ɗora hannu biyu a ka, ya ce, "Innalillahi. Na kashe ta. Malam Iro, na kashe musu uwa." Ƙaton mutumin nan ya zauna daɓas yana kuka. Ni kuwa ban san lokacin da na durƙusa ba. Ba tunani na yi ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na dangwala yatsa na kai baki.

"Alhaji," na ce, "zuma ce."

Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba.

"Wallahi zuma ce. Ɗanɗana."

Sai muka ji motsi, ana ture wani abu mai nauyi. Ƙofar ta buɗe kaɗan, Hajiya Rabi ta leƙo, goshinta a kumbure, zanenta sharkaf da zuma. Buhu ne ya danne ta, tsoro kuma ya ɗauke mata murya. Ashe tun da abin ya fara ta kwanta a kan uwarta ta rungume gadon. Daga can ciki wata siririyar murya ta fito, da Fillanci tukuna, sannan da Hausa don mu ji: "Rabi, ki ce wa mutanen nan ina da rai. Ki ce wa wancan ya daina kuka a kan hanya, mutane suna gani."

Ban yarda an ƙara taku ɗaya da mutum a cikin ɗakin ba, kuma wannan karon ba wanda ya yi mini gardama. Na shiga ƙasa na duba. Farantin ya lanƙwashe, ramukan kusoshi sun yi tsawo, amma shasi bai tsage ba. Na kwance kujerar gefen direba, muka shimfiɗa katifa tun daga gaba har kujerar baya. Mata daga wata motar haya da ta tsaya suka taimaka aka ɗauko Dada. Na sake loda buhunan yadda ya kamata, doyar kuma na mayar da ita bodin mota. Da aka gama Alhaji ya dubi cikin motar, ya dubi surukarsa a kwance inda yake zama. Ya tattare babbar rigarsa ya haye bodi, ya zauna a kan doya. A nan ya sha rana har muka haye gadar Binuwai, mahauta suna hango shi suna rasa ko su gaishe shi ko su yi kamar ba su gani ba.

Dada ta yi jinya ta warke, ta koma tafiya da sanda. Bayan an sallame ta sai ga aike har gindin darbejiyata, jarkar zuma guda da ta tsira, wai a ba mai lasar motar nan ya wanke bakinsa. Na karɓa na gode, amma iyalina ne suka sha. Ni tun daga ranar ban iya sa zuma a baki ba tare da na ga matakalar nan tana ɗiga ba. Kuma har gobe, in na kwanta a ƙarƙashin mota na kai yatsa baki, sai ƙirjina ya buga kafin harshena ya gaya mini abin da ya ji.